Wainar Gwaggo A Tsallaken Kogi

'Yan uwana 'yan mata, ku da kuke Kano ko Katsina ko Sakkwato, in aka ce Kaduna kuna ɗauka gari ɗaya ne. Mu da aka haifa a cikinta mun san kamar gari biyu ne, kogi ya ratsa tsakani. Ni a Kawo aka haife ni, a nan na yi firamare da sakandare, amma wallahi in ban da wucewa a mota in za mu Abuja, ban taɓa yini a tsallaken kogin nan ba sai da aka sa ranar aurena.

Dalili kuwa shi ne, gidanmu asali a Kakuri yake. Rikicin watan Fabrairu na 2000 ne ya sa Baba ya kwashe iyalinsa ya hayo arewa, tun ba a haife ni ba. Da aka sake wani a Nuwambar 2002, sai ya ce shi da tsallake har abada. Haka dubban mutane suka yi, Musulmi suka yo arewa, Kirista suka yi kudu. Amma yayarsa, Gwaggonmu, ta ce ita ba inda za ta. Tana nan a Kakuri tana tuyar waina a ƙofar gida, sai dai ta zo mana da salla, mu ba ma zuwa.

To, da aka sa rana, sai Umma ta ƙulla goro da alawa ta ce in kai wa Gwaggo da hannuna, domin ba a aika wa uwa da sanarwar aure ta waya. Baba kuma ya ƙara mini da saƙo: in lallashe ta ta tattaro ta dawo, an gyara mata ɗaki, ga shekaru sun ja, ga hayaƙi ya fara taɓa mata ido. Ni ma fa ina da tawa a ciki, kuma zan faɗa ko da za ku yi mini dariya. Dangin wanda zan aura 'yan boko ne, ba na son ranar biki a ji wata ta ce ai gwaggon amarya mai waina ce a bakin titi. Da wannan zuciyar na kama hanya, ƙanena yana rakiya.

Muka shiga bas muka bi ta tsakiyar gari, muka wuce babbar kasuwa, muka zagaya shataletalen filin wasa na Ahmadu Bello, sai ga mu a kan gada. Na leƙa ruwan, ja ne irin na damina, gabana yana ɗan faɗuwa kamar wadda za ta wata ƙasa. Tafiyar da ba ta kai minti biyu ba! Muna sauka gadar sai ga tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda layin da ya taso daga Legas ya haɗu da wanda ya taso daga Fatakwal ta Kafanchan. A gefenta kasuwar kayan marmari ce, lemo da ayaba da kankana tuli guda. Masu zuwa Abuja dai tun 2016 a Rigasa suke hawa jirgi, amma wannan tsohuwar tasha ita ta fara tara baƙi a wannan ɓangare, tun wajen lokacin da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917. Inda duk baƙi suka taru kuwa, mai abinci ba ta nisa.

Mun sami Gwaggo da la'asar tana wanke shinkafa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yau wace rana, 'yar Kawo a Kakuri? Ko ɓatan kai kika yi?" Na durƙusa na gaishe ta, na miƙa goro. Ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo, ta sa albarka, ta sallami ƙanena da kuɗin mota. Saƙon Baba kuwa na haɗiye shi tukuna.

Ban san waina aiki ce ba sai a daren nan. Shinkafar tuwo ce ake jiƙawa tun da rana, a kai inji a markaɗa, a haɗa da 'yar dafaffiyar shinkafa, a sa yis, a rufe a bar ƙullin ya kwana ya tashi. Gwaggo ta ce a da ba su san yis ba, ragowar ƙullin jiya ake zubawa a na yau. In ya yi tsami da yawa a ɗiga ruwan kanwa. Sau biyu ta tashi cikin dare tana buɗe robar tana dubawa, kamar mai jego da jariri. Ga tukunyar miyar taushe, kabewa da alayyafo da gyaɗa da ƙashi, ita ma tun dare ake haɗa ta.

Kafin kiran assalatu ta tashe ni, ta miƙo mini wani tsohon murfin kwano ta ce, "Je ki wajen Mama ki ɗebo mana wuta." Na ce, "Gwaggo, ba ga ashana ba?" Ta ce, "Na ce miki babu ne? Je ki dai."

Mama maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya, mutuniyar Bajju ce daga wajen Zonkwa, Kirista, mai sayar da fate. Na same ta ta riga ta hura wuta, ƙatuwar tukunya tana tafasa, tsakin masara da yakuwa da gauta. Ko tambayata ba ta yi ba ta ce, "Ke ce amaryar? Kai, kamar an tsaga kara da babanki! Zo, 'yata." Ta zuba mini garwashi a murfin, da Hausarta tas kamar ta Zariya. Daga baya na gane ƙa'idarsu ce: wadda ta riga tashi ita ke ba 'yar uwarta wuta. Sun fi shekara talatin a haka. Ranar da ba a zo ɗibar wuta ba, to a leƙa, ba lafiya ba.

Tandar Gwaggo ta ƙasa ce, ta yi baƙi ƙirin tana sheƙi, gefe ɗaya ya ɗan ɓantale. Ta ce wurin matan Gwari ta saya, kuma ba ta yarda da ta ƙarfe ba, wai tana ƙona baya ta bar ciki ɗanye. Kada ku raina ginin tukwanen Gwari, wato Gbagyi, waɗanda su ne 'yan asalin wannan wuri. Matar nan da ke bayan takardar naira 20, Ladi Kwali, Bagwariya ce, kuma ginin tukunya ne ya kai ta har Ingila da Amurka.

Ta ɗiga man gyaɗa a kowane gurbi, ta zuba ƙulli, ya yi cuuu, ƙamshi ya tashi. Zubin farko da ya soyu, ga mutum biyu a tsaye da kuɗinsu, amma sai ta kwashe ta zuba a kwanon wani almajiri da ke rakuɓe. Ba wanda ya ce uffan. Ta ce da ni, "Na farko ba na sayarwa ba ne. Haka na gani wurin uwata." Ranar Juma'a kuma, in ji ta, mutane ke zuwa su sayi waina ta sadaka, a tara yaran unguwa a raba musu, kuma ba a tambayar yaro sunansa kafin a ba shi.

Daga nan ciniki ya buɗe. Masu Keke Napep, 'yan makaranta da kwandunansu, masu gadi da suka kwana a bakin aiki, wata nas da farin kaya, wani Bayerabe mai facin taya, wani Inyamuri mai shagon kayan gyara wanda ya ce, "Hajiya, a sa yaji da yawa." Duk wanda ya saya, in ta gama ƙirga nasa sai ta ɗora ɗaya a kai. Gyara ke nan. Ni da nake riƙe da gwangwanin kuɗi abin ya dame ni, na raɗa mata cewa, "Gwaggo, da tsadar shinkafar nan da man gyaɗa? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya daina gyara." Ta ce, "Na rage girmanta dai, kowa ya gani, ban ɓoye ba. Amma ranar da na daina gyara, na zama kanti."

Da rana ta ɗaga, ciniki ya lafa, sai ta ce in zo ta nuna mini garin da aka haifi yayyena. Muka bi ta titin masaƙu. Jama'a, gani ya kori ji! Gine-gine ne maka-maka, dogayen katangu, ƙofofin ƙarfe sun yi tsatsa, ciyawa ta fi mutum tsawo a inda motoci ke shiga da auduga. A nan aka buɗe masaƙar KTL a 1957, zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead. Daga baya Nortex da Arewa da UNTL suka biyo baya, ga masana'antar makamai ta soja, ga kamfanin Peugeot da muke kira Fijo wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975. Audugar Funtuwa da Gusau da Zariya nan take zuwa ta zama akoko da atamfa. Mutane suka yi ta kwararowa neman aiki daga Binuwai da Filato da Barno da Ilori da kudancin Zariya, akasarinsu samari marasa mata. Wa zai ciyar da su? Su Gwaggo.

Ta tsaya daidai wata ƙofa ta nuna mini gindin wata bishiya, ta ce nan ne wurinta na farko, tana amarya, mijinta yana aiki a ciki. Ta ce sau uku ake canjin aiki, safe da rana da dare, in jiniya ta yi kuka sai ka ga kekuna sun cika titi kamar fari, ba ka iya tsallakawa. Masu ƙosai da koko a nan, masu ɗanwake a can, Nufawa da Yarbawa da shinkafa da wake, matan Tibi da sakwara. Ta ce a lokacin tana tuya kwano goma a yini ba ta gani ba. Kuma rabin cinikin duk bashi ne, sai ƙarshen wata. Ba ta iya rubutu ba a lokacin, da gawayi take jan layi a bango, kowa da gurbinsa. Ranar albashi su zo su biya, ta sa tsumma ta goge.

Sai abubuwa suka fara lalacewa: wutar lantarki ba tabbas, baƙin mai ya yi tsada, noman auduga ya ja baya, ga atamfa mai araha ana shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya daga ƙasashen Asiya. KTL ta tsaya a 2002, kafin 2008 kusan duk manyan sun yi shiru. Mijin Gwaggo ya rasu yana jiran haƙƙinsa daga masaƙar da ya yi wa aiki, ba zan faɗi ko wacce ba. Na ce, "To bashin da kike bin mutane fa?" Ta ce, "Yo wa zan bi? Mutumin da aka rufe wa ƙofa da 'ya'ya shida? Ai ci gaba da ba su na yi."

Ashe kafin ta bar gindin bishiyar ta sa wani ɗan makaranta ya kwafe mata layukan bangon a littafi, kowa da laƙabinsa da garinsu. Littafin yana nan cikin adakarta, ya yi ja don tsufa. Kuma Allah Ya nufa sai na ga amfaninsa da idona. A rana ta biyu da hantsi wani magidanci ya tsaya da mota, ya yi sallama, ya durƙusa har ƙasa. Ya ce shi ɗan wane ne, daga Binuwai, mahaifinsa ya rasu watan jiya, kuma kafin ya cika ya ce akwai mai waina a Kakuri da take bin sa kuɗi, a je a nema ko da ta mutu a ba 'ya'yanta. Gwaggo ta yi salati, ta yi masa ta'aziyya, ta ce in ɗauko littafi. Muka duba muka samu: naira 340. Mutumin ya zaro dubu ashirin ya ce kuɗin da ai ba na yanzu ba ne. Ta ce, "Ɗana, abin da ya ci ke nan, abin da aka rubuta ke nan." Ta karɓi ɗari biyar ta ce in ba shi canji. Ya yi ya yi ta ƙi. Sai ya ce to a ba shi waina ta sauran kuɗin a raba wa yara. Wannan kam ta yarda. Ta sa na ja layi a kan sunan, ta juya tana goge ido da bakin zane, wai hayaƙi ne.

Kada ku ce komai na sana'ar nan ya burge ni. Akwai masu maimaita mai har ya koma kamar bakin inji. Akwai masu zuba koko da zafinsa a farar leda, alhali a da ganye da ƙwarya ake amfani da su. Abin da ya fi ci mini rai shi ne 'yan mata ƙanana da na gani da farantin talla a ka da ƙarfe goma na safe, sa'o'insu suna aji, suna kutsawa cikin gareji da tashar mota. Wannan ba al'adar da za a yi kuka in ta mutu ba ce. Gwaggo dai ba ta ɗora wa yarinya talla. 'Yan mata biyu ke taya ta, ɗaya jikar Mama ce, kuma bakwai da rabi na yi take kora su makaranta da wainarsu a kwano.

Da yake zuwana ya faɗo a Litinin, mun shiga Kasuwar Monde, wadda ke ci mako-mako a Kakuri. Doya da manja da gwanjo da busasshen kifi, har kan titi. A bakin kasuwar Fulani mata sun jera ƙoren nono rufe da faifai, suna dama fura da ludayi, kusa da su wata tana gasa masara, wata tana suyar awara. A hanyar dawowa ta nuna mini wani wuri da manyan akwatunan ƙarfe jibge, tireloli suna shiga suna fita. Wai tashar jiragen ruwa ce ta kan tudu, wadda Shugaba Buhari ya buɗe a Janairun 2018, domin kayan da aka sauke a Legas a ƙaraso da su nan a yi musu kwastan. Na yi dariya na ce tashar jirgin ruwa ba ko kwalekwale! Gwaggo ta ce ita ba ruwanta, direbobi da 'yan dako dai suna cin waina, har ma sun fara shiga littafi. Ta ce lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da mutane ke da kuɗi a banki amma ba na sayen karin kumallo, sabon littafi guda ta cika. Yanzu har taransifa ana yi mata, ta wayar jikar Mama.

Da daddare unguwar takan koma hannun maza. Mai shayi ya jera gwangwanayen madara da burodi, mai tsire ya kafa tsinkaye kewaye da tukuba, wuta a tsakiya. Gwaggo ta aiki yaro ya sayo mini, ya dawo yana tauna, ya ce ɗanɗano ne mai naman ya ba shi, domin ba a sayen nama sai an ɗanɗana. Muna ci a tsakar gida sai Mama ta shigo da kwanon fate, ta zauna a tabarma. A nan ne na ga dama ta samu, na isar da saƙon Baba, na ƙara da nawa gishirin: hayaƙi, ciwon ido, ga ɗaki har da fanka.

Gwaggo ta yi shiru. Mama ce ta fara magana, ta ce, "'Yata, an gaya miki inda Gwaggonki ta kwana uku a 2000?" Na ce a'a. Ta ce, "Ƙarƙashin gadona, ita da tandar nan, don ta ce ba za ta bar ta a waje a fasa ba." Suka kwashe da dariya har da tafawa, ni kuwa tsigar jikina ta tashi. Gwaggo ta ce, "Ita ma ɗanta a wurin wa ya ɓuya a 2002, da abin ya ritsa da shi a Tudun Wada? Wurin ƙanwar mijina." Sannan ta dube ni ta ce, "Ki gaya wa ƙanena na gode, Allah Ya saka. Amma in na tafi, wa zai ba wannan tsohuwar wuta? Kwanon sallarta fa, wa zai kai? Na Kirsimetinta wa zai karɓa? Kuma mutanen littafi in sun zo biya, su tarar da wa?"

Na rasa ta cewa. Sai ta ƙara da abin da ya sa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta ce, "Ko kunya kike ji a ce gwaggon amarya mai waina ce?" Na ce, "Haba Gwaggo!" Ta ce, "Ai ba laifi, yarinta ce. Babanki ma ya ji a da, alhali da kuɗin wainar nan aka biya masa jarrabawa." Wallahi ban taɓa jin wannan ba a gidanmu.

Da asubar rana ta uku ni na riga kowa tashi. Na hura wuta da ashana, da ƙyar, ina hawaye, na zuba garwashi a murfi na kai wa Mama. Ta riƙe baki ta ce, "Lallai amarya ta iso!" Gwaggo ta ba ni cokalin juyi ta koma gefe. Zubin farko ya ƙone, na biyu ya farfashe, har almajirin ya dube shi ya dube ni. Ta ce wutar ta yi yawa, in janye itace ɗaya, kuma in daina saurin juyawa, sai gefen ya yi ja ya saki da kansa. A zubi na huɗu ne suka fito fari sol da jan baki. Mai facin taya ya ci ya ce ba laifi, amma a ƙara masa gyara biyu saboda haƙurin jira.

Da zan tafi ta shiga ɗaki ta fito da wata 'yar ƙaramar tanda mai gurbi bakwai, sabuwa, ta ce tun da ta ji an kawo kuɗin gaisuwata ta saya ta ajiye. Ta ce in shafe ta da mai in gasa sau uku kafin in fara tuya. Wainar biki kuma kada Umma ta kuskura ta ba wata kwangila, ita za ta zo da tandarta tun ana jibi, Mama kuma za ta zo da tukunyarta. Na ce ai Mama ba ta san Kawo ba. Mama ta ce rabonta da hayewa can ta kwana tun kafin a haife ni, amma in dai akwai shimfiɗa za ta zo.

A bas kwandasta ya ce sai na biya wa tandar kuɗin kujera, na ce a cinyata take. Muna hawa gada wayata ta yi ƙara, angon ne, ya ce me na samo masa a tsallake. Na ce gwaggona mai waina ce a Kakuri, ta ba ni tanda. Ya ce, "Wace? Ba dai ta kusa da mai fate ba?" Ashe lokacin da ya yi aikin koyon sana'a a wani kamfani a can, kullum a wurinta yake karyawa. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce in tambaye ta a hankali, ko akwai sunansa a littafi.